Daga Shikago Zuwa Oakland da Detroit: Wata Shida a Bayan White Sox

Ranar Alhamis 28 ga Maris 2024, azumi ya ɗan wuce rabi, maƙwabcina ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da hantsi, riƙe da tikiti biyu da wata baƙar hula. Dattijo ne baƙar fata ɗan Amurka, ya haura saba'in, ya yi ritaya daga tuƙin bas ɗin cikin gari. Tun da aiki ya kawo ni Shikago na kama ɗaki a benen da yake zaune a kudancin birnin, Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Ya ce, "Ɗana, yau ake buɗe kakar besbol. Sa rigar sanyi biyu ka biyo ni." Hular na san ta tun a gida: baƙa ce mai farin rubutun Sox a karkace, irin wadda samari ke tsinta a tulin gwanjo su kafa a ka ba tare da sun san ta wace ƙungiya ce ba.

Muka hau jirgin ƙasan cikin gari, layin da suke kira ja, wanda ke gudu a tsakiyar babbar hanyar mota ta Dan Ryan, muka sauka a tashar Sox-35th. Iskar tafkin Michigan tana ratsa riguna har ƙashi, ga ƙamshin albasar da ake soyawa a bakin kowace ƙofa yana jarraba mai azumi. Baba bai nufi ƙofar shiga ba. Sai da ya ja ni zuwa filin ajiye motoci da ke tsallaken titi, ya tsaya a kan wani farin dutse da aka dasa a cikin kwalta. Nan ne daidai inda mai bugu ke tsayawa a tsohon filin White Sox mai suna Comiskey, wanda aka yi wasa a cikinsa daga 1910 zuwa 1990 kafin a rushe shi. Ya ce mahaifinsa daga jihar Mississippi ya yi ƙaura zuwa nan, ya yi aiki a mahautar Shikago da aka rufe a 1971, kuma a wannan fili ya riƙa kallon taurarin baƙar fata suna karawarsu ta shekara-shekara, a zamanin da aka hana su shiga gasar Turawa. A nan Joe Louis ya zama zakaran damben duniya a 1937. A nan ɗan Kuba Minnie Miñoso ya zama baƙar fata na farko da ya sa rigar White Sox a 1951. Baba ya cire hula ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan muka shiga.

Mai karatu da bai taɓa ganin besbol ba, ga yadda take a taƙaice. Mutum tara ne a fili. Ɗaya daga cikinsu, mai jifa, yana tsaye a kan ɗan tudu yana wurga ƙwallo mai tauri, girmanta kamar lemun zaƙi, zuwa ga ɗan ɗaya ƙungiyar da ke riƙe da kulki. Idan mai kulkin ya buga, sai ya zura da gudu ya bi zango uku ya dawo inda ya taso, wanda suke kira gida. Duk wanda ya kammala wannan kewaye ya ci maki ɗaya. Idan ya kuskure jifa uku, ko aka cafe ƙwallonsa a sama, ko ta riga shi isa zango, ya fita. In an fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu tsaro su koma bugu. Haka za a yi zagaye tara. Ba a tashi canjaras. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan wasannin: kowace ƙungiya tana buga 162 a cikin wata shida, kusan kullum ke nan. Shi ya sa besbol ba ta kama da bikin ƙarshen mako irin na ƙwallon ƙafa. Ta fi kama da cin kasuwa, yau a samu, gobe a rasa, jibi a sake buɗe rumfa. Baba ya ce ko ƙungiyar da ta fi kowa rauni takan ci wasa 55 ko 60 a shekara.

Ranar, wani dogon saurayi bahago mai suna Garrett Crochet ne ya yi jifa, kuma karonsa na farko ke nan da aka ba shi ya buɗe wasa a babbar gasa. Ƙwallonsa tana tafiya da gudun da ya kusa kilomita 160 a sa'a, ƙarar faɗawarta cikin safar fatar mai cafkewa har saman bene ana jin ta. Ya yi zagaye shida, ya fitar da mutum takwas da jifa kawai, maki ɗaya tak Detroit Tigers suka samu a hannunsa. Wannan ɗayan kuwa ya ishe su, domin namu ba su ci ko ɗaya ba. Aka tashi 1 da 0. Baba yana da wani littafi mai gidaje-gidaje da yake rubuta kowane bugu a ciki da fensir, da wasu alamomi da lambobi da mahaifinsa ya koya masa. Ya rufe littafin ya ce, "Saura 161." Na isa gida kafin a sha ruwa, kuma ban san na ɗauko wa kaina abin da zai bi ni har kaka ta ƙare ba.

Afrilu ta zo da rauni a kan rauni. Luis Robert Jr., Yoán Moncada da Eloy Jiménez, mutum uku da aka ɗora wa fata, duk sun ji ciwo kafin a yi mako biyu. A wasanni 25 na farko, uku kawai aka ci. Bayan sallah na fara zuwa filin sau biyu ko uku a mako, tunda tikitin saman bene ya yi arha, wani lokacin bai kai kuɗin abincin rana ba. Naman da ake gasawa a wurin ba nawa ba ne, don haka na saba da gyaɗa mai ɓawo da masarar da 'yan Meziko ke gogewa a kofi su zuba mata barkono da lemun tsami. Na saba da fuskoki: ma'aikatan asibiti da suka taso daga aiki da rigunansu, magina, iyalan 'yan Meziko da kakanni da jikoki, tsofaffin Turawan unguwar Bridgeport. White Sox ta masu aikin ƙarfi ce, haka suke faɗa da bakinsu, kuma suna alfahari da hakan.

Akwai daren da ba zan manta ba, 23 ga Mayu, da Baltimore Orioles. An shiga zagaye na tara ana bin mu 8 da 2, mutane da yawa sun riga sun kama hanyar gida. Sai namu suka farfaɗo suka ci huɗu a jere, aka koma 8 da 6, ga mutum biyu a kan zango, an fitar da ɗaya kawai. Ragowar 'yan kallo duk muka miƙe. Andrew Benintendi ya buga ƙwallo ta tashi sama ta dawo kusa, aka cafe, mutum na biyu ya fita ke nan, saura ɗaya, fata ba ta yanke ba. Kawai sai muka ga alƙalin wasa ya ɗaga hannu. Wai Andrew Vaughn, da ke komawa zango na biyu a hankali ya ba wa ƙwallon baya, ya tare wa mai cafkewa hanya, alhali mai cafkewar ya kama ƙwallonsa ba tare da wata wahala ba. Aka fitar da Vaughn, wasa ya ƙare a nan. Filin ya ɗauki ihu. Na dubi Baba, fensirinsa yana tsaye a kan takarda, ya rasa alamar da zai rubuta. Ya ce shekara sittin yana cika irin wannan littafi bai taɓa rubuta wasan da ya ƙare haka ba. Wannan shan kaye yana cikin guda 14 da aka jera daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni.

Biyu daga cikin sha huɗun a filin Wrigley aka yi su, gidan Chicago Cubs, abokan hamayya na arewacin birni. Layin jirgi ɗaya ne, ka zarce arewa ka sauka a Addison, amma kamar ka shiga wani gari: tsohon fili tun na 1914, ganye ya lulluɓe katangarsa, kujeru a cike, masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto. Dare biyu a jere White Sox suna gaba da tazara mai kyau, dare biyu a jere aka kamo su aka doke su 7 da 6. Baba bai bi ni can ba. Ya ce ƙafarsa ba ta taka wannan fili.

Daga 10 ga Yuli kuma sai abin ya zama wani iri. Aka sha kashi, aka sake sha, aka tafi hutun tsakiyar kaka aka dawo aka ci gaba daga inda aka tsaya. A ƙarshen watan shugabannin ƙungiya suka yi abin da ƙungiyoyin da suka fid da rai ke yi, suka raba 'yan wasan da ke da sauran daraja ga masu neman kofi, a madadin matasa da ake sa ran za su yi amfani nan gaba. Erick Fedde da Tommy Pham suka tafi St. Louis, Jiménez ya tafi Baltimore, Michael Kopech ya tafi Los Angeles Dodgers, inda ya ɗaga kofin zakarun gasar, wanda suke kira kofin duniya, bayan wata uku. Da aka jera 17 ba nasara, na duba jadawali na ga za su je Oakland a jihar Kalifoniya. Ina da hutun mako guda a wurin aiki. Na ce wa Baba zan bi su. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ciwon ya kama ka ke nan." Ya ba ni fensir da takardar lissafi uku.

Jirgin ƙasa na zaɓa, wanda ake kira California Zephyr, domin ina son in ga ƙasar da idona. Yana tashi daga babbar tashar Shikago da ƙarfe biyu na rana, ya yi kwana biyu da 'yan sa'o'i yana tafiya, kusan kilomita 3,900. Na hau ranar Juma'a 2 ga Agusta. Yammacin farko gonakin masara ne iya ganinka, ba bukka, ba mutum a ciki, har muka haye kogin Mississippi a garin Burlington kafin rana ta faɗi. Nebraska a cikin barci muka wuce ta. Gari ya waye mana a Denver, daga nan jirgin ya fara hawan duwatsun Rocky yana lanƙwasa kamar maciji, yana shiga rami yana fita, har ya kai ramin Moffat mai tsawon kusan kilomita 10. Akwai tarago mai rufin gilashi inda fasinjoji ke zama su yi kallo. Na zauna kusa da wasu iyalin Amish, mutanen nan da ba sa tuƙa mota, maza da gemu ba gashin baki, mata da ɗan kwali da dogayen riguna. Da na yi sallah a zaune a kujerata, tsohuwarsu ta janye jikanta daga gabana ba tare da na roƙa ba. Yini guda muna bin kogin Colorado ta cikin kwazazzabai masu jan dutse inda ba titin mota, ba kuma hanyar waya. Sai mun fito sarari saƙonni su shigo, in ga sakamakon wasan da aka yi a Minnesota: 18, sannan 19. Ranar Lahadi muka farka a fakon Nevada, muka haye duwatsun Sierra Nevada, muka gangara Emeryville da yamma. Kafin in sauke jakata an cika 20.

Filin Oakland tsohon gini ne na siminti tsirara, a tsakiyar ma'ajiyoyin kaya da layin dogo, ana isa gare shi ta wata gada mai shingen waya daga tashar jirgi. A lokacin ƙungiyar Athletics tana nan tun 1968, ta ci kofin duniya huɗu a wannan gari, amma mai ita John Fisher ya riga ya yanke shawarar kwashe ta zuwa Las Vegas, tare da zaman wucin gadi a Sacramento. Kakar 2024 ce ta ƙarshe gare su a wannan fili. Fili mai ɗaukar dubun dubatar mutane, mu 'yan dubbai ne a ciki, har kana jin muryar 'yan wasa suna kiran juna. Mutane da yawa sun sa koriyar riga mai kalma ɗaya a ƙirji, ma'anarta "sayar". Wata mata mai duba tikiti ta ga hulata ta ce, "Ku aƙalla baɗi kuna da ƙungiya." Ban sami abin ce mata ba.

Daren Litinin 5 ga Agusta aka doke mu 5 da 1. Wasa 21 ke nan a jere, daidai da abin da Baltimore ta yi a 1988, wanda ba a taɓa wuce shi ba a ɓangaren gasar da White Sox take. Daren Talata wani matashi sabon shiga, Jonathan Cannon, ya yi jifa zagaye shida da natsuwa, Benintendi ya buga ƙwallo ta ƙetare katanga da mutum ɗaya a kan zango. Aka tashi 5 da 1, wannan karon mu ne da biyar. Ina kusa da inda 'yan wasa ke zama, na ga fuskokinsu. Ba wanda ya yi tsalle. Sun jeru suna tafawa kamar mutanen da aka sauke wa kaya daga ka bayan doguwar tafiya. Kusan wata guda suna zuwa aiki kullum, ana nuna su a talabijin ana dariya, kuma ban taɓa ganin sun ƙi fitowa ba. Na kira Baba, a Shikago dare ya yi nisa, bugu ɗaya ya ɗauka. Ya ce, "Karanta mini takardar tun daga zagaye na farko." Na tsaya a kan gadar nan ina karanta masa, yana gyara mini inda na sa alama ba daidai ba.

Kwana biyu bayan haka aka sallami koci Pedro Grifol, wanda ya bar aiki da nasara 89 da shan kashi 190 a ƙasa da kaka biyu, aka ba Grady Sizemore riƙon ƙwarya. Ba a jima ba aka sake jera 12 ba nasara.

A nan zan faɗi ra'ayina, domin na daɗe ina juya shi a jirgin dawowa. Laifin ba na yaran da ke fili ba ne. Da yawansu an hauro da su babbar gasa kafin su nuna, wasu kuma an ɗauko su ne don ba su da tsada. Ƙungiyar da ta ci wasa 93 ta zo ta ɗaya a rukuninta a 2021 ba ta rushe cikin shekara uku da kanta ba. Jerry Reinsdorf, mai shekara 88 a lokacin, yana riƙe da ita tun 1981, shi ne kuma mai Chicago Bulls. Da ya kori manyan shugabannin sashen 'yan wasa a 2023, bai nemo wani daga waje ba, ya ɗaga Chris Getz daga cikin gida. Har zuwa wannan kaka, White Sox da Athletics ne kaɗai cikin ƙungiyoyi 30 ba su taɓa ba wa ɗan wasa kwantiragin dala miliyan 100 ba. Mafi girma da White Sox ta taɓa bayarwa zuwa lokacin shi ne miliyan 75 na Benintendi. Filin da muke zama a ciki da kuɗin jama'a aka gina shi aka buɗe a 1991, bayan barazanar ƙaura zuwa Florida, kuma a farkon 2024 ɗin nan mai ƙungiyar ya je majalisar jiha yana neman tallafin gina wani sabo. Abin da ya sa duk wannan ke yiwuwa shi ne a besbol ba a faɗawa ƙaramin rukuni. Lokacin da Kano Pillars ta faɗa a 2022, kowa ya ji a jikinsa, daga shugabanni har mai sayar da ruwa a ƙofar fili, kuma dole aka tashi tsaye. A nan kuwa ko wasa nawa ka zubar, baɗi kana nan, kasonka na kuɗin talabijin yana nan. Kunyar tana sauka ne a kan ɗan wasa da mai sayen tikiti.

Ranar 22 ga Satumba a San Diego aka cika shan kashi 120, daidai da New York Mets ta 1962, wadda har zuwa lokacin ita ke riƙe da wannan mummunan tarihi a zamanin besbol na yanzu, wato tun daga 1901. Aka dawo gida wasa uku na ƙarshe da Los Angeles Angels. Mutane suka ƙaru, wasu sun rufe kai da jakar takarda, da yawa sun zo ne su shaida na 121. Suna rera "a sayar da ƙungiya" har filin yana amsawa. Daren farko namu suka farfaɗo a zagaye na takwas suka ci 3 da 2, sai na ji wasu 'yan gida suna yi wa nasarar ihun rashin so. Na fahimci fushinsu, amma abin ya yi mini ciwo, domin wanda suke fushi da shi ba ya cikin fili, yaran da suka yi gumi ne suka ji ihun. Baba ya tashi tsaye shi kaɗai a layinmu yana tafi. Aka ci na biyu 4 da 3, aka ci na uku 7 da 0.

Saura wasa uku a Detroit. Wannan karon Baba ya ce da shi za a je, a motarsa, ni ne direba. Muka fita da asuba ranar Juma'a 27 ga Satumba, muka wuce masana'antun ƙarfe na Gary suna hayaƙi a bakin tafki, muka bi ta Kalamazoo da Ann Arbor, tafiyar kamar sa'a biyar. Na tsaya a Dearborn, garin da Larabawa suka yi yawa, na yi sallar Juma'a yana jira na a mota da rediyonsa, sannan muka ci shinkafa da naman rago. Filin Tigers yana tsakiyar gari, da manyan gumakan damisa a ƙofa, kuma ranar ba masaka tsinke, sama da mutum 40,000. Su ma a farkon Agusta an gama cire musu rai, sai suka yi ta cin wasa har ya zama nasara ɗaya ta rage musu su shiga zagayen neman kofi, karon farko tun 2014. Hatta mai sharhin wasansu a talabijin, Jason Benetti, ɗan yankin Shikago ne da ya yi shekaru yana yi wa White Sox sharhi kafin ya koma can.

Crochet ne ya sake yin jifa, kamar ranar farko, da ƙungiyar da aka fara da ita. Zagaye huɗu ya yi ba a ci shi ko ɗaya ba, aka cire shi don a tattala hannunsa. Bayan fitarsa abin ya kwance. Aka tashi 4 da 1. Ƙwallon ƙarshe Vaughn ne ya buga ta sama, aka cafe, filin ya fashe da murna, mutane suna rungumar waɗanda ba su sani ba. Mu biyu muna zaune da baƙaƙen huluna a tsakiyarsu. Baba ya cika gidan ƙarshe a littafinsa, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta 121 a ƙasa ya ja layi. Wani Bature ɗan Detroit da ke bayanmu ya dafa kafaɗarsa ya ce su ma sun zubar da 119 a 2003, ya san yadda abin yake. Baba ya miƙa masa hannu ya taya shi murna.

A hanyar dawowa cikin dare ya ba ni labarin 2005, shekarar da White Sox ta doke Houston Astros wasa huɗu a jere ta ɗauki kofin duniya, na farko tun 1917. Mahaifinsa bai ga wannan rana ba. Ya ce washegari ya je maƙabarta da jarida ya karanta masa sakamakon. Wasa biyun da suka rage a Detroit duk namu ne suka ci, muka saurara a rediyo a ɗakinsa. Kaka ta rufe da nasara 41, shan kashi 121. A watan Disamba aka ba da Crochet ga Boston a madadin matasa huɗu, kuma a makon da aka yi cinikin Baba ya biya kuɗin kujerarsa ta shekara mai zuwa.

Idan Allah ya kai ka Shikago tsakanin Afrilu da Satumba, mai karatu, ka hau jan layi ka yi kudu, ka sauka a Sox-35th. Kafin ka shiga, ka tsallaka titi ka nemi farin dutsen nan a filin ajiye motoci. In ka hau bene, ka duba inda wani tsoho ko tsohuwa ke zaune da fensir da littafi a cinya, ka gaishe su, ka nemi izinin zama kusa da su.